Kashe Inji a Gangara: Dabarar da Motar Haibirid Ba Ta Buƙata Daga Direbanta

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Akwanga a motar haya ya san inda hira ke yankewa. Da an iso Hawan Kibo mota ta sa kai gangara, sai fasinjoji su yi tsit, mai carbi ya jawo carbinsa, mai latsa waya ya kife ta a cinya. A irin waɗannan wurare ne wasu direbobi ke nuna abin da suka ɗauka gwaninta ce: a mayar da giya firi, a bar mota ta sulale da nauyinta. Wanda ya fi ƙarfin hali ma murɗe makulli yake yi, inji ya mutu gaba ɗaya, ba abin da ake ji sai kukan taya a kan kwalta. In aka tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce ɗaya: mai ya yi tsada.

Ta wannan fuskar yana da gaskiya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da dama. Shi ya sa motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da batir, suka fara samun kasuwa a wajen mutanen da a da suke gudunsu. Prius da Camry da Lexus RX na hannu da ake shigowa da su daga Amurka yanzu suna hannun ma'aikata da matasa masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya. Matsalar ita ce da yawa sun shiga sabuwar motar da tsohuwar ɗabi'a. Ga kuma gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook da ke koya wa mutane "sirrin" tsimin mai, inda za a nuna wani ya tura giyar Prius zuwa N a gangara, ko ya danne maɓallin kashe mota tana cikin gudu, yana murmushi yana nuna allon gaban mota.

Wannan ba sirri ba ne, kuskure ne. A motar haibirid bai rage ko cokali ɗaya na mai ba, a motar da ba haibirid ba kuwa abin da yake ragewa bai kai kuɗin data ta yini guda ba, alhali abin da aka jingina domin sa shi ne birki da sitiyari. Amma kafin a kai ga hujja, ya kamata a san daga ina zancen ya taso, domin akwai gaskiya a gindinsa.

Wasan tatsar lita a Amurka ya girma. Honda Insight ta shiga kasuwar can a ƙarshen 1999, Prius kuma, wadda aka fara sayarwa a Japan a Disambar 1997, ta bi bayanta a 2000. Abin da ya bambanta motocin nan da na da shi ne allo da ke nuna wa direba man da yake sha a daidai wannan daƙiƙar. Da mutane suka ga lamba tana hawa tana sauka gwargwadon motsin ƙafarsu, sai abin ya koma gasa, kamar yadda masu wasan gem ke neman maki. Wani Ba'amurke mai suna Wayne Gerdes ne ya raɗa wa abin suna haifamailin, kalmar da ƙamus ɗin Oxford na Amurka ya zaɓa a matsayin kalmar shekara a 2008, shekarar da galan ɗin fetur ya haura dala 4 a ƙasar.

A Agustan 2005 Gerdes da wasu abokansa suka karɓi tuƙin Prius guda bi da bi a kusa da birnin Pittsburgh, suka yi mil 1,397 da tanki ɗaya, wato sama da kilomita 2,200, cikin kusan awa 47. In aka buga lissafi, kowace lita ta ba su kimanin kilomita 46. A 2024 kuma ya tuƙa sabuwar Prius daga Los Angeles zuwa New York a kan mil 93 da ɗoriya a kowane galan, kusan kilomita 40 a lita ke nan, motar da hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ƙiyasta mata mil 57 a galan. Kundin Guinness ya karɓi wannan bajinta. Saboda haka ba wanda zai ce ƙafar direba ba ta da tasiri. Tana da shi, sosai ma.

Sai dai a lura da lissafin tafiyar 2005 ɗin. Kilomita 2,200 a awa 47 na nufin gudun bai kai kilomita 50 a awa ba, a kan hanyar da suka zaɓa da kansu suna ta zagaya ta. Ba hanyar Kaduna zuwa Zariya ba ce da tirela a baya tana danna oda. Kuma a cikin dabarun masu wannan wasa akwai nagari akwai na ganganci, irin su manne wa gindin babbar mota don a ɓuya daga iska, da ƙin tsayawa a mahaɗa, da kashe inji ana tafiya. Tun a 2008 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fito ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan. Abin takaici, na gangancin ne suka fi saurin yaɗuwa a waya, don su suka fi daɗin kallo.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet

A tsarin Toyota, motar haibirid tana da injin fetur ɗaya da injinan lantarki biyu, duka ukun a haɗe ta wani curin haƙoran giya guda. Ƙaramin injin lantarkin shi ke tayar da injin fetur, shi ke kuma samar da wuta. Babban shi ke tura taya, kuma in an ɗaga ƙafa ko an taka birki sai ya juye ya zama janareta, yana mayar da gudun mota caji. Babu kuloci, babu canjin giya irin wanda aka sani. Wanda ke yanke hukuncin wa zai yi aiki a kowane lokaci kwamfuta ce, kuma tana sake wannan lissafi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, tana duba gudu, da zafin inji, da yawan caji, da zafin batir, da yadda aka taka totur.

Ma'ana totur ɗin Prius ba a ɗaure yake da inji ba. Saƙo kawai yake aikawa, kamar yadda latsa allon waya ke aika umarni ga manhaja. Direba yana cewa ga ƙarfin da yake so, kwamfutar ce ke zaɓar ta inda za a samo shi. Idan ta ga ba a buƙatar injin fetur, ita da kanta take kashe shi, mota na tafiya, ba tare da an taɓa makulli ba. Ana yin haka ne alhali sitiyari na da wutarsa, birki na da ƙarfinsa, jakar iska ta kariya na nan a shirye, kuma da an ƙara taka totur injin zai tashi kafin direba ya ankara. Kalmar READY da ke haske a allo ita ce shaidar cewa duk waɗannan suna raye.

To mutumin da ya sayi motar da ke kashe injinta da kanta sau da yawa tsakanin gida da wurin aiki, sannan ya ce sai ya kashe mata da hannu, daidai yake da wanda ke bin manhajojin wayarsa yana rufe su ɗaya bayan ɗaya kowane minti biyar wai don batir ya daɗe. Masarrafar wayar ta riga ta sa su barci. Shi wahalar da yatsansa kawai yake yi, wani lokaci ma ya ƙara cin batirin, tunda sai an sake loda kowacce daga farko.

Akwai iyaka, kuma sanin ta na da amfani. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, injin fetur na iya tsayawa cak ne kawai idan gudu bai wuce kusan kilomita 67 a awa ba. A ƙirar 2010 zuwa 2015 iyakar ta ɗan haura 70. Sama da haka kwamfutar kan bar injin yana juyawa, ko da ba ta ba shi mai, domin kada ƙaramin injin lantarkin ya yi juyin da ya fi ƙarfinsa. Wato abin da direba ke gani kamar motar ta ƙi kashe inji, kariya ce aka rubuta mata a manhaja. Sababbin ƙira suna kashewa a gudun da ya fi haka.

Batun giyar N shi ne ya fi ban haushi, saboda a nan mutane ke asara suna murna. A haibirid ɗin Toyota, da an sa N an yanke hulɗa da injinan lantarkin nan biyu. Batir ba ya caji, ko daga inji ko daga taya. Duk gudun da gangara ta bayar kyauta, wanda a D zai koma caji, a N sai birki ya ƙone shi ya zama zafi. Haka wanda ke tura N a cunkoson Kofar Nassarawa ko na Nyanya yana shan sanyin esi: na'urar sanyin Prius tun daga ƙirar 2004 da wutar babban batir take aiki, kuma a N ba mai mayar masa da abin da ya fita. Littafin motar ma ya yi wannan gargaɗi. In tsayuwar za ta daɗe, P ake sawa. In gajeriya ce, a bar ta a D a taka birki.

Giyar B kuma akasin abin da ake zato ce. Wasu sun ɗauka harafin na nufin batir, suna yawo da ita cikin gari wai tana ƙara caji. Birki take nufi. Aikinta shi ne ta juya injin fetur ba mai, ya riƙa jan mota baya, wato zubar da ƙarfi take yi da gangan. A cikin gari asara ce. A doguwar gangara kuwa ita ce ake nema, kuma ga dalili.

Lissafin da mai waya zai gane

Batirin waya mai lamba 5,000 yana ɗauke da wutar da ta kai kimanin wat 19 na awa guda. Babban batirin tsohuwar Prius gaba ɗayansa kilowat 1.3 ne na awa, kuma kwamfutar ba ta barin ya cika ko ya ƙare, tana riƙe shi ne tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari don ya yi tsawon rai. Abin da ake amfani da shi ke nan kusan rabin kilowat ne, kwatankwacin batirin waya 27. Litar fetur guda kuwa tana ɗauke da kusan kilowat 9. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa batirin haibirid ba tanki ba ne, ɗan asusu ne na ajiyar canji.

Yanzu a ɗauki mota mai nauyin kilo 1,400 tana gudun kilomita 60 a awa. Ƙarfin da ke cikin wannan gudu ya kai wat 54 na awa, kusan batirin waya uku. A gudun 100 ya kai 150, kusan takwas, domin ƙarfin ba ya hawa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Duk lokacin da aka tsaya, ko dai a kama wani abu daga cikin wannan, ko ya tafi a iska. Motar da ba haibirid ba duka take zubarwa. Haibirid na kama wani kaso, amma da sharaɗi: batirin yana da iyakar abin da zai iya haɗiya a lokaci guda. Kamar waya ce, ko an jona mata caja mai wat 100, in 18 take karɓa 18 ɗin za ta ja. Wanda ya taka birki a hankali tun daga nesa ya ba batirin lokaci ya sha. Wanda ya taho a guje har bakin danja sannan ya danne birki, birkin taya na asali ne ya yi yawancin aikin, kuma abin da ya samu zafi ne da ƙura.

Gangara kuma fa? Motar nan mai kilo 1,400 in ta sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, ƙarfin da ta samu ya haura kilowat ɗaya na awa, wato ninki biyu na duk gurbin da batirin ke da shi ko da a ce ya faro daga ƙasa. Tun kafin a kai gindin tudu ya cika. Daga nan sauran ƙarfin dole ya je wani wuri: ko inji ya shanye shi, ko birki ya yi ta zafi har ya fara sanyin kamu. Wannan ne gurbin B. Wanda ya sa N a irin wannan wuri ya rasa cajin, ya rasa taimakon injin, ya ɗora nauyin mota da na fasinja kacokan a kan birki.

Akwai kuma abin da ya fi kama caji, shi ne kada a buƙaci birkin tun farko. Duk wanda ya taɓa amfani da fawabank ya san mai lamba 10,000 ba ya cika waya mai 5,000 sau biyu, wani abu na salwanta a hanya. Haka wutar mota: daga taya zuwa batir akwai asara, daga batir komawa taya akwai wata. Direban da ya hango danja ta yi ja tun daga mita ɗari biyu ya ɗaga ƙafa, ya iso a hankali ta ba shi hannu bai tsaya ba, ya fi wanda ya cika batirinsa da birki. Ido ne babban kayan aikin tsimin mai, kuma ba a sayar da shi a Jumia.

Wannan lissafi ne kuma ke rushe son da ake yi wa maɓallin EV. Ana jin daɗin tafiya shiru a kan batir, allo na nuna ba a shan mai. Amma haibirid ɗin da ba a jona ta a soket duk wutarta daga fetur ta fito, ko kai tsaye ko ta hanyar gudun da fetur ya samar. Wanda ya tilasta mata ta zuƙe batir a kilomita ɗaya ko biyu, bashi ya ci, kuma injin zai tashi ya biya har da riba. Amfanin maɓallin shi ne fitar da mota daga gareji da asuba ba a tashi maƙwabta ba, ko gyara fakin.

Dabarar da ta ba su Gerdes lambobinsu ita ce wadda za a iya kira taka-ka-saki. Injin fetur ya fi iya sarrafa mai idan yana aiki da ɗan nauyi a kansa. Toyota ta ce injin Prius ƙirar 2016 na mayar da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin fetur zuwa aiki, amma wannan a inda ya fi ƙwarewa ne. Idan ana lallaɓa shi da ɗan totur kaɗan, kason na faɗuwa ƙasa sosai. Don haka sai a taka da matsakaicin ƙarfi daga misalin 45 zuwa 60, sannan a ɗaga ƙafa gaba ɗaya don inji ya mutu, sai a mayar da ita a ɗan taɓa totur kaɗan, daidai yadda motar ba ta caji kuma ba ta jan wuta. A allon tsohuwar Prius za a ga duk kibiyoyin sun ɓace. A ƙirar 2010 zuwa sama, sandar da ke tsakanin CHG da ECO za ta kusa ɓacewa. Mota na sulalewa kamar tana firi, amma giya na D, komai na kunne. Wannan shi ne kashe inji na halal, kuma da tafin ƙafa ake yin sa.

Yana aiki, ba musu. Amma yana da wurinsa. A titin da ba kowa a baya, ko a unguwa da sassafe, ba laifi. A titin da Adaidaita Sahu ke gefen dama, ɗan acaɓa na gefen hagu, mai tifa na baya, mutumin da gudunsa ke hawa yana sauka kamar lilo ya zama fitina. Man da ya rage, na bayansa ne ke biya da birki da totur, in ma ba a kai ga sumbatar bamba ba. Gyaran fitilar baya guda ɗaya ya cinye ribar wata uku.

Ga masu motar da ba haibirid ba

Su ne suka fi shiga haɗari, don haka dole a tsaya a kansu. Ɗabi'ar kashe inji a gangara gadon zamanin kafireto ce, lokacin da inji ke zuƙar mai muddin yana juyawa. Motocin injekta sun daɗe da wuce nan. Idan mota na cikin giya, inji ya yi zafi, gudu na sama, aka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar na yanke mai gaba ɗaya, taya ce ke juya injin. Wato Corolla ko Golf da ke gangarawa a giya ba ta shan komai. Wadda aka mayar firi kuwa dole a ba injinta mai don kada ya mutu. A gangarar da dama sai an taka birki, firi ta fi giya shan mai.

Saura wanda ya kashe gaba ɗaya. Ƙaramar mota da ke tsaye inji na aiki ba esi ba ta shan lita ɗaya a awa. Gangarar minti uku kashi ɗaya ce cikin ashirin na awa. Ko a kan naira 1,000 lita, abin da ya tsira da shi bai kai naira 50 ba, wannan ma in an gwada shi da mai firi. In da mai giya aka gwada, bai tsira da komai ba. Ga abin da ya bayar a madadin hamsin ɗin: birkin yawancin motoci da zuƙar iskar inji yake samun ƙarfi, in inji ya mutu taku ɗaya ko biyu ne suka rage kafin feda ta yi tauri kamar dutse. Sitiyari mai amfani da famfon mai zai yi nauyi nan take. In hannu ya zarce makulli ya koma ƙarshe, sitiyarin na iya kullewa a tsakiyar kwana. In motar otomatik ce, famfon da ke zagaya da man giya ya tsaya alhali ƙarafa na ci gaba da juyawa.

Wanda ke ganin ana zuzuta abin ne, ya nemi labarin kamfanin General Motors na 2014. Wasu ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt, suna da makunnin da ke zamewa da kansa daga matsayin kunne ana cikin tafiya. Inji ya mutu, taimakon sitiyari da na birki su tafi, jakar iska ta ƙi buɗewa a lokacin karo. Kamfanin ya janye motoci kusan miliyan 2.6, kuma asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Abin da ya zama babban abin kunya ga kamfani guda saboda ya faru bisa kuskure, shi ne wani direba ke yi da hannunsa da mutum shida a bayansa.

Ba mamaki dokar jihar California ta hana gangarawa da giya a firi, ƙa'idojin hanya na Birtaniya ma suka ware wa abin sashe na 122 suna bayanin yadda yake rage wa direba iko da mota. Wani zai ce ai manyan kamfanoni da kansu suna yi. Haka ne. Audi A8 ta 2017 tana kashe injinta ta sulale har tsawon daƙiƙa 40 a gudun da ke tsakanin kilomita 55 da 160 a awa. Amma sai da aka ƙara mata tsarin wuta mai bolt 48 da zai riƙe sitiyari da birki ya kuma tayar da inji cikin ƙiftawar ido. Injiniyoyin ba su ce wa direba ya murɗe makulli ba, gina wa motar abin da zai sa hakan ya zama lafiya suka yi.

Inda man ke zurarewa da gaske, wurare ne marasa armashi da ba wanda zai yi musu bidiyo. Gudu na farko. Turjiyar iska na ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, shi ya sa Prius da ke yin abin mamaki a cikin gari ke komawa mota kamar kowacce a gudun 130 a hanyar Abuja. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato fizga da danne birki, na rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso. Sai ɗabi'ar dumama mota minti goma da safe, wadda haibirid ba ta buƙata, da READY ta fito sai a tafi a hankali. Sai taya. Lambar iskar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci take ba, kuma a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Masu gasa kan cika ta fiye da ƙima don ta yi saurin gangarawa, amma su ba sa bin ramukan hanyar Funtuwa a zafin watan Afrilu.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar wannan yanki. Babban batirin da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata ƙaramar fanka da ke zuƙa daga wata kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu, da gashin darduma, da ledar da yaro ya cusa, duk a nan suke taruwa. In batir ya yi zafi kwamfutar na rage amfani da shi, inji ya riƙa aiki ba hutu, mai motar ya fara zagin haibirid. Wanda ya kashe esi ya rufe gilashi a rana tsaka don tsimi ma batirin yake gasawa. Motar da ta shekara goma sha biyar, ta tsallako teku, ta yi hunturu uku a Kano ba a taɓa buɗe fankarta ba, babu salon ƙafar da zai dawo mata da lambobin Pittsburgh.

A nan wayar da ke aljihu ke da amfani. Kowace irin motar nan tana da kafar OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Da ɗan ƙaramin abin jonawa mai Bluetooth da manhaja irin Dr. Prius ko Hybrid Assistant, mutum zai ga zafin batir, da ƙarfin kowane ɓangarensa, da lokacin da inji ke juyawa. Batirin Prius na wancan zamani guda 28 ne aka jera, kuma lalacewar ɗaya kan ja sauran ƙasa. Wanda zai sayi ta hannu ya gwada wannan tun a wajen dillali kafin ya biya. A bar manhajar ta naɗi bayanan tafiya, a duba bayan an yi fakin, ba ana tuƙi ana leƙen allo ba.

Lambar da allon mota ke nunawa kuma kan ɗan yi wa direba daɗin baki. Awon da ba ya ƙarya shi ne a cika tanki har famfo ya yanke da kansa, a rubuta kilomita, a yi yawo, a dawo famfon nan a sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Manhajar Fuelio na yin wannan, takardar Google Sheets ma ta isa. Mai yin kilomita 1,200 a wata, in ya tashi daga kilomita 18 a lita zuwa 21, ya rage lita tara da rabi, kusan naira 9,500 in lita na 1,000. Tanki ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, don cunkoso da zafi da lodi na canza sakamako, sai an jera uku ko huɗu a hanya iri ɗaya kafin a san ko sabon salon tuƙin ne ya yi aiki ko kuwa makon ne aka samu titi a buɗe.